Samun Saiti Mai Kyau da Bindigar Ɗuri Mai Albarushi: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da masu harbin bara da mafarauta suka fi maimaitawa game da bindigar da ake ɗura wa albarushi da harsashi ta baki. Yawancin ma'aunan da ke ciki na inci ne da yadi da giren, domin da su ake rubuta kayan wannan sana'a a Amurka da Turai. Giren ɗaya giram 0.065 ne, wato giren 100 ya kai giram shida da rabi. An sa wa tambayoyin lamba don a iya komawa daga wata zuwa wata.

1. Wace bindiga ake nufi, kuma me ya raba ta da bindigar toka ta mafarautanmu?

Duka biyun ta baki ake ɗura su, amma cikin bututunsu ba ɗaya ba ne. Bindigar toka da aka sani a ƙasar Hausa, irin ta mafarauta da 'yan bindigar hawan Sallah, cikinta sumul yake. Wadda muke magana a kanta an tsaga mata kwari-kwari a cikin bututu, tsagar tana murɗawa daga gindi har baki. Murɗin nan shi ke sa harsashi ya fita yana juyi kamar katantanwa, kuma juyin ne ke tsayar da shi a kan hanya ɗaya. Daga cikin irinta akwai doguwar bindigar Pennsylvania ta ƙarni na 18, da Hawken wadda Jacob da Samuel Hawken suka riƙa ƙerawa a St. Louis tun shekarun 1820, da Enfield ta sojan Ingila ta 1853. Har yau ana ƙera kwafinsu, musamman a garin Gardone Val Trompia na Italiya, inda kamfanin Pedersoli yake.

Wajen kama wuta kuma iri biyu ne. Akwai mai ƙanƙara, wadda dutse ke ƙyasta ƙarfe tartsatsi ya zuba a ɗan kasko, da mai hula, wadda guduma ke dukan 'yar hular tagulla da aka kifa a kan wani ɗan bututu da ake kira nono.

2. Me za a kira saiti mai kyau a irin wannan bindiga?

Ana auna shi ne da tarin huji, ba da harbi ɗaya da ya dace ba. A yi harbi biyar a takarda ɗaya, a auna tazarar da ke tsakanin huji biyun da suka fi nisa da juna. Bindiga mai lafiya, da ƙwallon dalma da aka naɗe da ƙyalle, an ɗora ta a kan buhun yashi, ya kamata ta tara biyar ɗin cikin inci 2 a yadi 50. Wadda aka gano mata ɗurin da take so tana iya saukowa inci ɗaya zuwa ɗaya da rabi. A yadi 100, inci 4 zuwa 5 da saitin ƙarfe abin yabo ne. Gasar MLAIC, ƙungiyar masu harbi da bindigogin ɗuri ta duniya, wadda aka kafa a 1971, a mita 50 da mita 100 ake yin yawancinta, harbi 13 cikin minti 30, a ƙirga goma mafi kyau. Ƙwallon dalma yana rasa gudu da wuri, don haka mafarauci mai tausayin dabba ba ya wuce yadi 100 da shi.

3. Ƙwallo zan harba ko dogon harsashi?

Bututun ne zai faɗa maka, ta hanyar murɗinsa. Idan aka rubuta 1:66, ana nufin tsagar tana kammala zagaye ɗaya a cikin inci 66. Murɗi mai sanyi, 1:60 zuwa 1:72, da kwari mai zurfin inci 0.010 zuwa 0.012, na ƙwallo ne da ƙyalle. Murɗi mai sauri, 1:20 zuwa 1:32, da kwari marar zurfi, na dogon harsashi ne, domin abu mai tsawo yana buƙatar juyi da yawa kafin ya daina tuntsurawa a iska. Na 1:48 tsaka-tsaki ne: yana harba ƙwallo da kyau in ba a cika masa albarushi ba, yana kuma ɗaukar gajeren harsashi.

In ba a rubuta ba, auna da kanka. Sa ƙyalle mai matsi a kan sandar goge, tura ta har gindi, yi wa sandar alama daidai bakin bututu, sannan ka janyo ta a hankali kana barinta ta juya. Idan ta yi rubu'in zagaye, auna tsawon da ya fito ka ninka huɗu. Hujin da ya fito a takarda a kwance, mai tsawo maimakon zagaye, shaida ce cewa harsashin ya fi ƙarfin murɗin.

4. Wane albarushi ya dace?

Baƙin albarushi na masana'anta, ko madadinsa da aka rubuta a jikin gwangwaninsa cewa na bindigar ɗuri ne. Albarushin zamani marar hayaƙi, wanda ke cikin harsashin bindigogin yau, ba ya shiga wannan bindiga ko ƙwaya ɗaya, ko da launinsa baƙi ne. Ƙarfinsa ya ninka abin da bututun zai iya ɗauka, kuma ya raba mutane da yatsu da idanu. Haka ma kan ashana da garin abin wasan wuta da duk wani haɗi da ba a san asalinsa ba.

Ana rarraba baƙin albarushi da girman ƙwayarsa. Fg shi ne mai manyan ƙwaya, na manyan bindigogi. FFg na kaliba .50 zuwa sama (kaliba ita ce faɗin cikin bututu a inci), FFFg na .45 zuwa ƙasa, FFFFg kuwa gari ne na zubawa a kaskon ƙanƙara kaɗai, ba a yin ɗuri da shi. Da yawa suna harba FFFg a .50 domin ya fi ƙonewa tas, amma sai an rage kusan kashi 10 cikin ɗari. Sunan kamfani ma yana da tasiri: Swiss ya fi Goex da Schuetzen ƙarfi a mudu ɗaya, saboda haka wanda ya sauya gwangwani sai ya sake gwaji (tambaya ta 14). Pyrodex da Triple Seven, waɗanda madadin baƙin albarushi ne, sun fi wuyar kamawa, ba sa aiki yadda ya kamata a bindiga mai ƙanƙara, kuma Triple Seven ana rage shi da kashi 15 cikin ɗari.

5. Nawa ake zubawa?

A fara da giren daidai da lambar kaliba: 45 ga .45, 50 ga .50, 55 ga .54. Daga nan a riƙa ƙara giren 5, ana harbi biyar a kowane mataki. Tarin zai yi ta matsewa har wani wuri, sannan ya fara buɗewa. Inda ya fi matsewa nan ne ɗurin bindigarka. A .50 da ƙwallo, galibi yana faɗowa tsakanin giren 60 da 90. Kada a taɓa wuce iyakar da maƙerin ya rubuta a littafin bindigar.

Da mudun tagulla mai lamba ake aunawa, ba da sikeli ba, musamman madadin albarushi wanda ya fi baƙin sauƙin nauyi. Yadda ake cika mudun shi ma ya zama iri ɗaya: ko dai a zuba a share kai, ko a ɗan ƙwanƙwasa sau biyu sannan a share, amma ba wannan yanzu wancan anjima ba. Bambancin da ke tsakanin hanyoyin biyu yana kaiwa giren uku ko huɗu. Kuma daga mudu ake juyewa cikin bututu, ba daga ƙaho ko gwangwani ba, domin garwashin da ya rage daga harbin baya yana iya tayar da duk abin da ke hannunka.

6. Wane girman ƙwallo, wane kaurin ƙyalle?

A nan rabin aikin yake. Ƙwallon ya fi bututu ƙanƙanta kaɗan, ƙyallen ne ke cike gibin, ya shiga kwarin tsaga ya toshe hayaƙi, ya kuma riƙe ƙwallon har ya ɗauki juyi. Wurin farawa shi ne ƙwallon da ya gaza kaliba da inci 0.010: .440 a bindigar .45, .490 a .50, .530 a .54, tare da ƙyalle mai kaurin 0.015. Masu gasa sukan koma .495 da ƙyalle 0.018 ko 0.020, ɗurin da sai an buga shi da 'yar guduma kafin ya shiga. Mafarauci ba ya buƙatar wannan matsi, domin yana son ɗuri na biyu ya shiga da hannu a daji.

Gwajin da ba ya ƙarya shi ne wannan: ɗauki dogon ƙyalle, tura ƙwallo cikin baki kamar inci ɗaya, ka janyo shi da bakin ƙyallen. Saƙar yadin ya kamata ta bar shaida a jikin dalmar zagaye, mai zurfi inda tudun tsaga ya danna, mai sauƙi inda kwari yake. In wajen kwarin babu shaida ko kaɗan, hayaƙi zai bi ta nan ya wuce, ƙyallen ya yi siriri.

Yadin ya zama auduga zalla ko lilin, mai matsattsiyar saƙa, irin wanda ake ɗinka rigar katifa ko matashi da shi. Duk wanda aka gauraya da roba zai narke ya manne a bututu. Kafin saye a ƙona ɗan zare: auduga toka take zama, roba kuwa dunƙulewa take. A wanke yadin sau biyu sitacin ya fita, a auna kaurinsa da ma'aunin maƙera an ɗan matse shi, kuma idan an dace a sayi yadi da yawa daga bandir ɗaya. Yadi biyu masu kama ɗaya a ido suna iya bambanta da inci 0.003, wanda ya isa ya watsa tari.

7. Da me ake shafa ƙyallen?

A filin bara, inda za a harba nan take, miyau ya wadatar, ko man bindiga na Ballistol kashi ɗaya cikin ruwa kashi bakwai. Wasu suna jiƙa dogayen ƙyallaye a wannan haɗi, su shimfiɗa su a kwance har ruwan ya bushe, man da ya rage ya zama daidai ko'ina. Don farauta, inda ɗuri zai wuni a ciki, ruwa ba ya yi: zai jiƙa albarushi ya kuma bar zoben tsatsa inda ƙwallon ya zauna. A nan ana amfani da kitse da aka narka aka tace aka haɗa da kakin zuma, a ƙara kakin lokacin zafi a rage shi lokacin sanyi. Kitsen ya kasance marar gishiri. Man inji da giris ba su dace ba, domin idan suka haɗu da tokar albarushi suna zama wani baƙin danƙo mai tauri. Mai da yawa shi ma yana buɗe tari, ya ratsa yadin kawai ba har ya riƙa ɗiga ba.

8. An ce a tsinci ƙyallen da aka harba a duba. Me ake nema?

Yana faɗuwa tsakanin yadi 5 da 15 a gaban bindiga, kuma ba abin da ya kai shi faɗin gaskiya. Lafiyayye za a same shi da baƙin zobe inda ya taɓa bututu, tsakiyarsa ruwan ƙasa, gefensa ya ɗan tsefe, amma babu huji. In ka ɗaga shi ga rana haske bai ratsa ba, lafiya lau.

Ƙananan yanka a jere a kan zoben, adadinsu daidai da tudun tsaga, suna nuna kaifin tudun ko kaifin bakin bututu ne ke yanka shi. A sabuwar bindiga wannan yakan tafi bayan harbi ɗari ko biyu. In bai tafi ba, maƙerin bindiga ya goge kaifin bakin. Wanda ya ƙone ya huje, ko ya zama tsumma, ya yi siriri, ko man bai isa ba, ko albarushin ya yi yawa, ko kuma tsatsa ta ci cikin bututun. A fara da ƙara kauri. In an kai iyakar abin da zai shiga, a sa ɗan faifan ulu mai mai tsakanin albarushi da ƙwallo. Muddin ƙyalle yana yagewa, gyaran saiti ɓata lokaci ne.

9. Yaya jerin ɗurin yake daga farko zuwa ƙarshe?

Kafin ɗurin farko a tabbata babu komai a ciki, ta hanyar zura sanda a ga ta kai alamar wofi. A goge man ajiya da busasshen ƙyalle. Mai hula ya fasa hula biyu ko uku ba ɗuri, bakin yana kallon ƙasa kusa da ganye: in ganyen ya motsa, hanyar wuta a buɗe take. Sai a tsayar da bindiga, bakin ya kauce wa fuska, guduma a matakin tsaro, a zuba albarushi, a bubbuga gefen ƙota da tafin hannu ya sauka. A ɗora ƙyalle a tsakiyar baki, ƙwallo a kai, gurbin da aka yanke wutsiyar zubi yana kallon sama daidai tsakiya. A shigar da shi da gajeriyar sanda, sannan doguwa, ana kama ta kusa da baki ana turawa taƙi-taƙi. Wanda ya kama sandar itace daga can sama ya danna, ranar da ta karye tsininta a tafinsa zai shiga.

Ƙwallon ya zauna a kan albarushi daram, da nauyin hannu iri ɗaya kowane lokaci, kamar kilo 15 zuwa 20. Ana iya koyon wannan nauyi da danna sandar a kan sikelin awon mutum. Kada a riƙa jefa sandar tana dukan ƙwallon: tana lotsa shi, tana kuma niƙe albarushin. Bayan ɗuri mai kyau na farko a yi wa sanda alama daidai baki. Duk ranar da alamar ta tsaya a sama, ko dai an yi ɗuri biyu, ko ƙwallon bai kai ba. Gibin iska tsakanin albarushi da ƙwallo yana kumbura bututu, wani lokaci ya fasa shi. Hula ko garin kasko su ne na ƙarshe, bayan an fuskanci bara.

10. Sai na goge bututu bayan kowane harbi?

Fiye da rabin nauyin baƙin albarushi ba ya zama hayaƙi, toka yake zama, kuma wani kaso nata a bututu yake kwanciya. Kowane harbi yana matse hanya, ɗuri ya ƙara tauri, gudun ƙwallo ya sauya. Masu neman matsattsen tari suna gogewa kowane harbi: ƙyalle mai ɗanshi, ba jiƙaƙƙe ba, sau ɗaya ƙasa sau ɗaya sama, sannan busasshe. Abin da ake nema bututun ya koma hali ɗaya kafin kowane ɗuri, ba ya yi fes ba.

Gogewar tana da nata sharri. In kan sandar ya cika matsi, tokar yake turawa gindi ta toshe hanyar wuta, sai bindiga ta fara ƙin tashi. Kan da ya dace yana sauka sakwa-sakwa, ƙyallen ya tattare ya kwaso dauɗa a hanyar fitowa. Wasu kuma ba sa gogewa sam, suna amfani da ƙyalle mai matsi mai ɗanshi sosai wanda ke share bututun yayin ɗuri. Duka hanyoyin suna aiki, haɗa su a zama ɗaya ne ba ya yi.

11. Ƙwallayen da na zuba da kaina, me ya sa wasu ke kaucewa?

Galibi ramin iska ne a ciki, wanda ido ba ya gani amma sikeli yana gani. Ƙwallon .490 na dalma zalla yana kusan giren 177, na .440 kusan 128. A auna su ɗaya-ɗaya, duk wanda ya gaza sauran da fiye da giren ɗaya a mayar da shi tukunya. Masu yamutsattsen jiki daga sanyin mazubi ne, shi ya sa ake zubar da goma ko ashirin na farko. Dalma tana narkewa a digiri 327 na Celsius, amma zubi ya fi kyau wajen 370 zuwa 400.

Dalmar ta zama mai taushi, wadda farce ke yi wa shaida. Mai tauri ba ta karɓar saƙar ƙyalle, tana kuma fitowa da ɗan girma da rashin nauyi. Dalmar batirin mota a bar ta: an gauraya ta da wasu ƙarafa, kuma narka ta yana fitar da guba. A yi zubi a fili, da tabarau da safar hannu, nesa da yara da abinci, kuma ɗigon ruwa ko gumi kada ya shiga tukunya, domin yana watsa narkakkiyar dalma.

12. Akwai ɗan jinkiri tsakanin jan kunama da tashin bindiga. Yana ɓata saiti?

Ƙwarai, domin a cikin wannan ɗan lokaci bakin bindiga ya riga ya gusa. A mai hula, dalilin yakan zama mai ko dauɗa a hanyar wuta, ko hular da ba ta zauna ba. Lamba 10 da lamba 11 ba girmansu ɗaya ba, kuma wadda ta matse sai duka na biyu take fashewa. Nono ma yana cinyewa: ramin ya faɗaɗa, hayaƙi ya riƙa dawowa baya, tari ya buɗe ba a san dalili ba. In ka ga guduma ta koma matakin tsaro da kanta bayan harbi, nonon ya gama aiki. Araha gare shi, a sauya.

Mai ƙanƙara, idan an gyara ta, saurinta yana ba mutane mamaki. Dutsen ya zama mai kaifi, an naɗe shi da fata an ɗaure tam, bakinsa ya daki ƙarfen ƙyastu wajen kashi biyu cikin uku na tsayinsa yana kankarowa ƙasa, ba karo kai tsaye ba. Baƙar ƙanƙarar Brandon ta Ingila da ruwan zumar Faransa su aka fi nema. Kafar wuta, wato ɗan ramin da wuta ke bi daga kasko zuwa albarushi, ta kai inci 1/16, a tsokace ta da tsinke bayan ɗuri. Garin kasko giren biyu zuwa uku ya isa, kada ya rufe kafar. In ya rufe ta, wutar sai ta ci garin a hankali kafin ta isa ciki, maimakon zafin ya faɗa kai tsaye. A goge dutse da ƙarfe da kasko da busasshen ƙyalle a kai a kai.

13. Ta ƙi tashi, ko na tura ƙwallo na manta albarushi. Yaya zan yi?

In ta ƙi tashi, ci gaba da nuna bakinta ga bara aƙalla minti ɗaya, domin wuta tana iya cin hanya a ɓoye. Bayan nan a tsokace nono ko kafa, a sake hula ko gari. Ƙwallon da ba albarushi a bayansa kuwa ana cire nono a zuba 'yan ƙwayoyin gari, a mayar, a tabbata ƙwallon ya zauna har ƙasa, a harba shi ga bara. In bai fita ba, akwai kan sanda mai dunƙule kamar sukurun kafinta da ake murɗawa cikin dalmar a jawo, ko na'urar iskar gas mai turo ɗuri waje. Kafin a jawo ɗuri mai albarushi da sanda, a cire hula, a jiƙa albarushin da ruwa.

14. Ta yaya zan gwada ɗuri ba tare da na ruɗe ba?

Abu ɗaya ake sauyawa a lokaci ɗaya, a rubuta komai: albarushi da yawansa, ƙwallo, kaurin ƙyalle, mai, gogewa, yanayin rana. A fara a yadi 25 don a ga inda take jefawa, a koma 50, nan ake ainihin gwaji. Tsarin da muke ba da shawara: a fara gyara ƙyalle har ya daina yagewa (tambaya ta 8), sannan yawan albarushi (ta 5), sannan mai (ta 7). Saitin ƙarfe kada a taɓa shi tukuna. Ba komai in tarin yana gefe, ƙanƙantarsa ake dubawa.

A zauna a tebur mai ƙarfi, buhun yashi a ƙarƙashin ƙotar gaba, wuri ɗaya kowane harbi, wani ƙarami a ƙarƙashin gindi. Kafaɗa da kunci su riƙe da nauyi iri ɗaya. Ƙwallo yana daɗewa a dogon bututu fiye da harsashin zamani, saboda haka a ci gaba da kallon saitin gaba har hayaƙi ya wuce. Wanda ke zabura da walƙiyar kasko ya sa guntun itace a madadin dutse, ya yi ta jan kunama a gida da bindiga wofi har idonsa ya daina ƙiftawa. Tari ɗaya mai kyau yana iya zama dace, sai ya maimaita kansa sau uku ake yarda da shi.

15. Tarin ya matse amma ba a tsakiya yake ba. Yaya ake gyara saiti?

Saitin baya ana matsar da shi zuwa inda ake son harsashi ya koma, na gaba kuwa akasin haka. Lissafin: kuskuren da aka gani, sau tazarar da ke tsakanin saiti biyu, a raba da nisan bara, duka a ma'auni ɗaya. Misali tari ya kauce inci 3 a yadi 50, wato inci 1,800, tazarar saiti kuma inci 24: 3 sau 24 a raba da 1,800 ya ba da inci 0.04, kusan milimita ɗaya. A yi alama da fensir, a buga da guntun tagulla, ba ƙarfe ba. Yawancin sabbin bindigogi suna zuwa da dogon saitin gaba da gangan, su riƙa jefawa ƙasa. Goge kansa da zarto yana ɗaga harbi, amma shafa biyu ko uku sai a gwada, don abin da zarto ya ci ba ya dawowa.

16. Hujin suna jeruwa sama da ƙasa, ko huɗu su taru ɗaya ya fice. Daga ina matsalar take?

Jeri daga sama zuwa ƙasa yawanci bambancin gudu ne: awon albarushi, nauyin danna ƙwallo, tokar da ke taruwa, ko cinyayyen nono. Jeri a kwance iska ce, ko jan kunama da fizga, ko karkata bindiga. Ɗaya tilo da ya fice, a zargi ƙwallo mai rami ko ƙyallen da ya yage. In duk wannan lafiya, a duba ƙusoshin da ke riƙe bututu a ƙota: su shiga da ɗan matsin yatsa, kada su yi lako-lako, kada kuma sai da guduma. A duba sukurun wutsiyar bututu, da saitin da ke motsi a gurbinsa.

Sai bakin bututu, wanda shi ne abu na ƙarshe da ke taɓa ƙwallo. Sandar itace ko ta roba da ta kwashi ƙasa tana cin gefe ɗaya na bakin a hankali, har ya zama ba zagaye ba. A filin bara a yi amfani da sandar ƙarfe mai zoben tagulla da ke zama a baki, ta ƙotar a bar ta don daji. Bakin da ya riga ya ci, maƙeri yana iya yanke ɗan kaɗan ya sake gyara shi.

17. Iska da yanayi fa?

Ƙwallo ba ya jure iska. Iskar gefe mai gudun kilomita 16 a awa tana iya kautar da ƙwallon .50 kusan taƙi guda a yadi 100, alhali a yadi 50 abin bai fi inci biyu zuwa uku ba. A kafa tsumma a kan sanda biyu tsakaninka da bara, a riƙa harbi lokacin da suka nuna hali ɗaya. Sassafe ya fi dacewa da gwaji. A busasshen yanayi irin na hunturu toka tana ƙanƙarewa, sai an ƙara ɗanshin ƙyalle. A damina kuwa laushi take yi ta zama kunu, garin kasko ya jiƙe cikin mintuna, sai an riƙa sauya shi. Rana ma tana yaudara: in ta haska gefe ɗaya na saitin gaba, harbi yakan kauce. Ana baƙanta saitin da hayaƙin kyandir, nesa da albarushi.

18. Yaya wankin bayan harbi yake?

Ran da aka yi harbi ran nan ake wanki. Tokar albarushi tana jan raɓa daga iska, kuma kwana ɗaya a damina ya isa tsatsa ta fara cin tsaga. Ruwa ne maganinta, mai ɗumi, da ɗigon sabulu. In bututun mai cirewa ne, a cire nono, a tsoma gindin a bokiti, a riƙa jan ruwa sama da ƙasa da ƙyalle a kan sanda har ya fito fari. In ba ya cirewa, a toshe kafar wuta da tsinke, a cika ruwa, a bar shi minti biyar, a zubar, a maimaita. Tafasasshen ruwa yana kawo jar tsatsa nan take a wasu bututan. A busar da ƙyallaye har na ƙarshe ya fito a bushe, a shafa man hana tsatsa, a jingine bindigar baki ƙasa na kwana ɗaya don man kada ya taru a gindi, a sake dubawa bayan kwana biyu ko uku. Makamar wuta ma a cire ta a wanke bayanta. Pyrodex ba ya sauƙaƙa wannan aiki, tokarsa tana cin ƙarfe kamar ta baƙin ko fiye.

19. Waɗannan alkaluma za su yi aiki a bindigar da maƙerin gida ya ƙera?

A'a. Duk adadin albarushin da aka ambata na bututun da aka ƙera daga ƙarfen bindiga ne, kuma na Turai sai sun bi ta gidan gwaji, irin na Birmingham ko Liège ko Gardone, an harba su da ɗurin da ya wuce ƙa'ida an buga musu hatimi. Bututun da aka yi da fayif ɗin ruwa ko sandar sitiyarin mota ba wanda ya san iyakarsa, kuma matsattsen ƙwallo da ƙyalle yana ɗaga matsin da ke ciki fiye da sakwa-sakwan ɗurin da aka saba yi masa. Tsohuwar bindiga ta gado ma, ko ta Turai ce, sai masani ya duba gindinta da cikinta, kuma a fara zura mata sanda, domin da yawa an ajiye su da ɗuri a ciki shekara da shekaru. Ta fuskar doka, Dokar Makamai ta Najeriya ta 1959 ta ware wa bindigogin ɗuri sashe nasu, kuma lasisinsu a hannun 'yan sanda yake. Kafin sayen bindiga ko albarushi a je hedikwatar 'yan sandan jiha a nemi izini a rubuce.